Agwagwar da Malam Ya Tsinto a Fadama

Shekarar da kogin Hadejia ya daɗe bai janye daga gonaki ba, baƙin agwagin ruwa sun cika fadama. Da sanyi suke zuwa, wai daga ƙasashen ƙanƙara, su yi ta tsintar shinkafar da ta zube, zafi na kamawa su ɓace. Ban taɓa damuwa da su ba. Ni dai kajina na sani, irin da Innata ta bar min kafin ta rasu.

Wata safiya maigidana ya dawo daga kamun kifi da agwagwa guda a hammata. Kyakkyawa ce kam: wuya siriri, kai ruwan ƙasa, ƙirji fari fat, jela mai tsini kamar allura.

Na ce, "Malam, ya aka yi ka kama ta?"

"Da hannu. Ko gudu ba ta yi ba."

Nan na gane ba ta da lafiya. Tsuntsun da ya ƙetare sahara da fiffikensa ne zai tsaya mutum ya ɗauke shi? Na tambaya ko akwai wasu. Ya ce akwai, amma duk mushe ne, jere a bakin ruwa.

"Fitar min da ita daga gida!"

Dariya ya yi, wai na cika tsoro. Ya jefa ta akurki, wai ta huta a kai ta kasuwa. Na zuba mata tsaki, ko kallo ba ta yi ba. Sai murɗa wuya take tana duban sama. Kafin azahar ta mutu.

Kwana biyu shiru, har Malam yana tsokanata. A na uku zakara bai yi cara ba. Na same shi kai a kumbure, tukkunsa ya yi baƙi. Daga nan sai kajin suka fara mutuwa bibbiyu, uku-uku. Malam ya wasa wuƙa, amma ina! Kafin ya kai ga wannan, waccan ta riga ta mimmiƙe. Wallahi na ji haushinsa, ko magana na daina yi masa.

Saura kaza ɗaya, mai launin wake-wake, tana kwanci a ɗakin girki. Kullum sai na leƙa in ce Allah ya bar min ko ita.

Ranar Juma'a na kai mata ruwa, ba ta kai min sara ba. Na tura hannu ƙarƙashinta. Ƙwayayen da ɗuminsu, ita kuwa ta sandare.