Ƙararrawar Ɗakin Masu Jego

Ranar da na koma bakin aiki bayan na fita takaba ba ta taɓa barin raina ba. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, domin ku da kuka shigo shara da goge-goge bayanmu ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta tsaya a wurin. In kun ga maganar ta yanke wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina na tsaya.

Asibitin namu na kuɗi ne, ƙarami, a nan Talata Mafara. Yawancin masu zuwa mata ne masu haihuwa, daga cikin gari da Bakura da Maradun, har da na Damaga da Dakko. Likita mai asibitin shi ne sama. Daga shi sai Manaja mai kula da ma'aikata da kaya, sai Matiron shugabar nas-nas, sai nas-nas da unguwarzoma, sai mu na ƙasa: masu shara, mai wanki, mai gadi. Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ne mai gyara. Janareto, famfo, ƙwan fitila, ƙofar da ta ƙi rufuwa, duk shi ake kira. Ma'aikata suna ce masa Baban Janareto. Ni Malam nake ce masa, kuma haka zan ce a nan.

Wata shekara Likita ya sa aka kafa ƙararrawar gobara irin marar waya. A silin kowane ɗaki aka manna wani farin abu mai kama da murfin kwano, muna ce masa kai. Kowane kai yana da batir nasa a ciki. A bangon teburin nas-nas kuma akwai akwati mai ɗan gilashi, shi muke ce wa uwar. In wani kai ya ji gobara sai ya aika wa uwar ta iska, ita kuma ta fasa kuka, ta rubuta sunan ɗakin a gilashinta don a san inda za a nufa. Masu kafawa suka koya wa Malam sauya batir, suka tafi.

Tun makon farko ɗakin masu jego ya zama fitina. Kun san iyayenmu mata, ba a haihuwa babu turaren wuta. Kakar jariri za ta shigo da kasko a ƙarƙashin mayafi, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turare, ta tura ƙarƙashin gado. Kafin a ankara uwar ta fara ihu, jarirai su farka gaba ɗaya, wadda aka yi wa ɗinki ta zabura. An yi faɗa, an yi lallashi, a banza. Wata tsohuwa daga Dosara ta taɓa nuna silin da sandarta ta ce, "Wannan abu hassada gare shi, ba ya son ƙanshi." Bayan wasu watanni kukan ya lafa. Ba wanda ya tambayi dalili.

Malam ya rasu farkon damina, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ina cikin takaba aka yi gobara a asibitin. Da la'asar ne, ana ruwa. An ɗauke wuta mai wanki yana guga, ya tafi masallaci ya bar dutsen guga a jone bisa zannuwan gado, sai aka maido wuta. Ƙararrawa ta yi kuka, amma abin da uwar ta rubuta shi ne ɗakin masu jego. Nas-nas suka ruga can, suka fitar da mata da jarirai cikin ruwan sama, alhali wuta tana can ƙarshen gini tana cin ɗakin wanki. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma zannuwa sun ƙone, wata nas ta ƙona hannu wajen kashewa, wani jariri kuma ya kwana biyu da sanyin ƙirji.

Mai wanki ya amsa laifinsa. Sai magana ta koma kan ƙararrawa. Masu zuwa yi mini gaisuwa su suka kawo mini ita har cikin ɗaki, kowa yana cewa ba ya son faɗa. Wai Baban Janareto ya cire kawuna na ainihi ya sayar a kasuwa ya maye da na jabu, shi ya sa abin ya rikice. Mutumin da ko ƙusa ya tsinta a harabar asibiti sai ya kai ofis. Yana kabari, ba bakin kare kansa, ni kuma ba halin fita.

Ranar da na koma, ita ce ranar da Manaja ya ɗauko mai gyara daga Gusau. Sunansa Lawali, saurayi ne dogo, da jakar kaya da wani gwangwani mai fesa hayaƙi. Manaja ya ce, "Inna Kulu, ke ce kika san ɗakuna, ki bi shi da makullai, ki riƙe masa tsani." Ban sani ba ko da gangan ya yi, ko mantawa ya yi matar wa ce ni.

Lawali ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ya tambayi haƙuri da 'ya'ya da jikoki. Sannan ya bayyana tsarin aikin. Matiron za ta tsaya gaban uwar. Mu kuma mu bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya fesa wa kai hayaƙi, in uwar ta yi kuka Matiron ta kira shi a waya ta faɗa masa sunan da ya fito, sannan ta danna ta yi shiru.

Da ya hau tsanin farko ya leƙo ƙasa ya ce, "Inna, ki riƙe da kyau, ban yi aure ba tukuna."

Na ce, "Wa zai ba ka 'ya kana wuni manne da silin kamar tsaka?"

Ya ce, "Ai shi ya sa nake son in sauko da ƙafafuna biyu in nema."

Ɗakin ganin likita lafiya lau. Ɗakin magani kuma ya fesa, shiru. Ya murɗo kan ya sauko da shi, ya gwada batir da wani ɗan agogo mai wayoyi biyu, ya ce ya mutu murus. Ya ce uwar ta daɗe tana faɗin haka da 'yar fitila ruwan ɗorawa, ba mai kula ta. Ya sa sabo, ya mayar, ya fesa, ta yi kuka. A ɗakin maza batir na da rai amma kan ba ya jin hayaƙi. Da ya buɗe sai ga ginin zanzaro, laka ta toshe ramukan da hayaƙi ke shiga. Ya kakkaɓe, ya hura, bai tashi ba, sai ya ciro sabo daga jaka.

A nan na ga abin da ban sani ba. Sabon kai ba a manna shi haka nan. Sai da ya je gaban uwar ya danna mata wasu madannai, ya goge tsohon, ya danna wani ɗan maɓalli a bayan sabon har fitilarsa ta yi ƙyaftawa, sannan ya rubuta masa sunan ɗaki. Ya ce mini, "Inna, uwar nan ba ta da ido. Ba ta san ɗaki ba, kai ta sani. Sunan da aka raɗa wa kai, shi za ta kira ko da an kai shi bayan gari."

Duk kan da ya sauko da shi, sai na ga ya juya bayansa ya duba wata lamba, ya gwada da wadda ke cikin uwar. Ban tambaye shi ba. Na san abin da yake nema, wato ko na jabu ne.

Muka zo ɗakin masu jego. Ya roƙi matan su yi haƙuri, ya hau, ya fesa. Shiru. Ya ƙara fesawa. Shiru. Ya sauko da kan, batir lafiya, ciki tas. Ya juya bayansa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce mu tafi ɗakin wanki. Can bango baƙi ƙirin, kan ya narke gefe ɗaya amma lambarsa na nan. Ya riƙe su biyun a hannu, ya ce, "To, ga ta."

Ashe kawunan iri biyu ne, ko da yake ido ba ya rabe su. Akwai mai jin hayaƙi, shi ake sawa inda mutane ke kwana. Akwai mai jin zafi kawai, shi ake sawa a madafa da wurin guga, inda tururi ba ya ƙarewa. An ɗauke mai hayaƙi daga ɗakin masu jego an kai ɗakin wanki, an kawo mai zafi an sa wa masu jego, kuma ba a sanar da uwar ba. Shi ya sa turare ya daina tayar da ita. Shi ya sa ranar gobara ta kira sunan da ta sani. Ko sau ɗaya ko biyu da tururin guga ya tayar da ita kafin nan, ɗakin masu jego ta rubuta, aka ce ai tsofaffin nan ne da kaskonsu.

Ina tsaye riƙe da tsani sai na tuna wata rana Malam ya dawo gida yana murmushi, yana wanke hannu ya ce mini, "Yau na samo wa jarirai barci." Na ce Allah ya ba da lada, na ci gaba da tuƙin tuwo. Da na tuna haka sai na saki tsanin, na zauna a bakin ƙofar ɗakin wanki.

Bayan azahar Lawali yana zaune ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na kai masa fura. Na ce, "Ɗan nan, an saci wani abu?"

Ya ce, "Ko ɗaya, Inna. Duk na ainihi ne, lambobinsu sun cika."

Na ce, "To in an tambaye ka, ka faɗi wannan ka tsaya nan. Sauran ka ce na'ura ce ta rikice. Mutumin nan ya mutu."

Ya ajiye ludayi. Ya ce, "Inna, wallahi da ubana ne ma sai na faɗa. Mai jin zafi ba ya kuka sai wuta ta riga ta yi ƙarfi. Da a ɗakin masu jego ta tashi, hayaƙi zai gama da jariran kafin ya buɗe baki. In na yi shiru, gobe wani mai tausayi zai sake yi."

Na bar masa furar na tashi. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na san gaskiya ya faɗa.

Da la'asar Manaja ya tara mu a ofis. Lawali ya aza kawunan biyu bisa tebur ya yi bayani, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ce babu sata, babu jabu. Ya ce marigayi ya yi kuskure biyu: ya sauya kawuna, kuma bai sanar da uwar ba. Ya ƙara da cewa waɗanda suka kafa abin batir kawai suka koya masa.

Manaja ya ce, "To wa ya sa shi?"

Kowa ya dubi ƙasa. Can sai Matiron ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na ce masa ya yi mana maganin kukan nan ko ta yaya. Ban ce ya sauya ba. Amma da kukan ya daina ban tambaye shi yadda ya yi ba, har godiya na yi masa."

Manaja ya ce, "Maganar sata ta mutu daga yau. Wanda na ƙara ji da ita, ni da shi ne." Ya sallame mu. Waɗanda suka yaɗa ta suna cikin ɗakin, ba wanda ya dube ni.

Kafin ya tafi Lawali ya sa wa masu jego sabon mai jin hayaƙi, ɗakin wanki mai jin zafi, ya raɗa wa kowanne sunansa. Ya koya wa Matiron da mai gadi duba fitilar uwar kowace safiya. Turare kuma aka ce a baranda za a riƙa kunna shi, a turara kaya can a shigo da su. Ni aka ɗora wa tsare wannan doka har na bar aiki, kuma na sha baƙar magana daga tsofaffi sa'o'ina. Wata ta ce mini, "Ke ba ki haihu ba ne?" Na ce na haifi bakwai, ki fitar da kaskon.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, abin da aka kafa don ya yi kuka, in ya yi shiru ba lallai ne lafiya ba. A tambaya. In za ku goge silin ko za a yi fenti, kada ku sauke kan ƙararrawa ku mayar da shi wani ɗaki don kun ga kamarsu ɗaya. Mu mutanen asibiti duk mun so shirun nan, mun ji daɗinsa, amma da ya jawo ɓarna sai aka nemi wanda ba ya iya magana aka aza masa.

Na so a ce mini Malam bai yi laifin komai ba. Ban samu haka ba, kuma har gobe ina kukansa. Amma a ranar nan, da na koma gida na yi sallar magariba, na ɗaga hannu na roƙa masa gafara a kan abin da ya yi, ba a kan abin da aka ce ya yi ba.