Goron da Baba Bai Aika Ba

Mahaifina ba ya roƙo. Ko buta ce ta yi masa nisa, ya gwammace ya tashi da ciwon gwiwarsa ya ɗauko da ya ce wani ya miƙo masa. Na fara da wannan ne don a gane irin wahalar da muka sha da shi a shekarar da kacalla ta kusa cinye masa gona.

Gonar shinkafa ce a fadamar Wurno, gadon mahaifiyarsa. Ba wata babba ba ce, amma duk ranar da ya ambace ta sai muryarsa ta yi laushi. Wata 'yar ƙorama ce ke kawo mata ruwa daga gulbi. Kacalla kuwa ciyawar ruwa ce da ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. Muna yara ba mu san ta da yawa haka ba. Sannu a hankali ta toshe ƙoramar, ta shiga gonar, ta zama gidan sauro da jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka a kan shinkafa su bar wa mutum kara zalla.

Shekara biyu Baba yana fama da ita shi kaɗai. Ya sare, ya ƙona, ta sake fitowa kore shar, har ta fi da kauri. Kuma duk lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, sai ya taho da kacallar da mutanen sama suka sare suka watsa a gulbi, da kawunanta cike da iri, ya jibge ta a bakin ƙoramarmu. Su ma ba mugunta suke yi ba, kowa ƙofarsa yake sharewa.

A shekara ta uku na zo ganin gida daga Achida, inda nake aure. Na tarar da Baba ya rame, ƙafafunsa duk tabon matsattsaku. Muna cin tuwo ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "In bana ta ƙiya, na bar mata gonar. Ta ci." Ban taɓa jin ya sallama wani abu ba sai ranar.

Inna ta ce a kira gayya. Amma gayyar garinmu kaɗai aikin banza ce tunda daga sama abin yake zuwa, dole sai an haɗa kai da mutanen can. Mutum ɗaya ne kuma in ya yi magana masunta da manoman wajen suke tashi: Bappa, ɗan goggon Baba, wato taubashinsa, wanda ke zaune a wani ƙauye kusa da Goronyo.

Nan fa ake yin ta. Tun suna samari ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su yi wa juna tsiya ba. Bappa na kiran Baba sarkin rowa, Baba na cewa ko a sahun salla ana gane Bappa da ƙarnin kifi. Al'adar gayya kuma, mai nema shi ke aika goro.

"Ni in kai mashi goro?" in ji Baba. "Wallahi har in mutu ba ni da sauran sakewa. Ko hilin Idi sai ya hwaɗi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Gonar Kaka guda za ta tafi saboda tsoron bakin Bappa! Ba a mayar wa uba magana, don haka na shiga madafa na huce a kan tukwane, har Inna ta leƙo ta tambaye ni ko su ma sun yi laifi ne. Sai ta rage murya.

"Tahi kasuwa ki sawo goro, hwari, manya. Gobe ki kai ma Bappanku, ki ce Babanku ya aiko ki."

"Inna, ai ƙarya ta."

"Ba ƙarya ba ta. Abin na nan cikin zuciyatai, baki na ya kasa."

Ta naɗe goron a ganye, ta ɗaure a cikin wani tsohon kallabinta mai ruwan ƙwai. Washegari na ce zan je gaida dangi, na shiga mota zuwa Goronyo, daga can na hau babur.

Na iske Bappa a gindin bishiyar bedi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Bayan gaisuwa na miƙa ƙullin, na faɗi saƙon kaina a ƙasa, ina jiran dariyar da za a ji har bakin gulbi. Ya kwance, ya duba goron, ya dube ni, ya daɗe.

"Babanki ya aiko?"

"I, Bappa."

"To, madalla, ɗiyata." Ya mayar ya ɗaure. Ko ɗaya bai ɓara ba, ko murmushi bai yi ba. Na dawo ina ta saƙe-saƙe ko ya ji haushi ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga sallamarsa a zaurenmu. Ina bayan ƙyaure ina leƙe. Ya zauna, ya ciro ƙulli daga aljihu ya ajiye gaban Baba. Na ga kallabin Inna mai ruwan ƙwai. Goronmu ne ya dawo da shi.

"Roƙo na zaka yi," in ji Bappa. "Kacalla ta hana mu jehwa koma. Ka taro mani mutanenka ku taimake mu, in munka ƙare mu gangaro naku."

Kai, ranar Baba ya sha daɗi. Ya gyara zama, ya ce ashe akwai ranar da mai ƙarnin kifi zai durƙusa. Ya aika a kira maƙwabta su zo su gani, yana raba musu goron ɗaya ɗaya. Har la'asar yana yi. Bappa, wanda bakinsa ya fi reza, sai sunkuyar da kai yake yana cewa, "Yi ta yi, ranarka ta."

Haka aka yi gayyar. Wasu masunta daga wajen Rabah, abokan Bappa, su suka nuna yadda ake yi: a yanke kacallar a ƙarƙashin ruwa don kututturen ya nutse ya ruɓe, a yi tun ba ta fid da kai ba, kuma kada a bar ko kara ɗaya ya bi ruwa, a ja shi tudu ya bushe. Aka fara daga sama ana gangarowa, maza cikin ruwa har ƙirji da lauje a hannu, mu mata muna bin su da tuwo da fura. Da aka gama namu, aka je aka rama wa mutanen Rabah. Ranar da ruwa ya sake shiga ƙoramarmu, Baba ya tsaya yana kallo kamar an yi masa haihuwa. Shinkafa ta yi a shekarar. Kacalla ba ta ƙare ba, har yanzu duk shekara sai an fita, amma gonar tana nan.

Bappa ya rasu shekara biyu bayan haka, bai taɓa tayar da maganar ba. Da lokacin gayya ya zagayo, Baba ya sa na raka shi kasuwa. Mutumin da bai taɓa sayen goro sai ƙanana jajaye ba, ya tsaya yana zaɓen farare manya, wai zai kai wa 'ya'yan Bappa da kansa. Da muka dawo gida ya ce wa Inna, "Ina kallabin nan naki mai ruwan ƙwai?"

Ni da Inna muka kalli juna. Ta ɗauko, ya karɓa, ya shimfiɗa a cinyarsa yana jera goron.

"Ni na sawo shi kasuwar Achida, ranar sunanki," ya ce da ni. "Bappanki ya aje shi gabana, ya bar ni ina ta yi mashi tsiya har la'asar. Ina ta jiran ya rama."

Ya ɗaure ƙullin. Ban iya tsayawa ba, na shige madafa.