Faifan Auwalu Mai Faci

Masu Adaidaita Sahu da ke bin titin Gyadi-Gyadi duk sun san Auwalu mai faci. Dogo ne, marar yawan magana, hannuwansa sun rine da baƙin taya har sabulu ya haƙura. Kaɗan ne daga cikinsu suka san ya taɓa yin waƙa.

Yana da shekara ashirin ya baro ƙauyensu na wajen Garko, kawunsa ya damƙa shi a hannun Malam Shehu, mai rumfar facin a lokacin. Malam Shehu mutum ne mai faɗa kamar zai ci babu, amma bai taɓa buɗe kwanon abinci bai kira yaronsa ba. Zamanin acaɓa ne, aiki ba ya yankewa. Tsakanin taya da taya Auwalu kan zauna kan benci yana rubutu a bayan kwali. Gambarar zamani ce ta shiga ransa, irin wadda samari ke zuba magana a kan kiɗa ba numfashi.

Izuchukwu ne ya fara jin baitocin, ranar da ya kawo babur ɗinsa faci. Haifaffen Kano ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kowa Izu yake ce masa. Shi ke kiɗa a cocinsu, yana kuma da ɗan situdiyo a bayan shagon yayansa a Tarauni, an lulluɓe bangon da katifu.

"Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci," in ji Izu. "Amma ka wanke hannu kafin ka taɓa min kaya."

Wata bakwai suka yi suna aikin. Waƙa tara suka haɗa, Auwalu ya sa wa faifan suna Bakin Kwalta. Babu ta soyayya ko ɗaya. Akwai ta leburorin da ke tsayuwa a Hotoro da shebur suna jiran mai ɗauka, akwai ta ɗan acaɓan da ya kwana uku yana neman gidan ɗan'uwansa a Daurawa. A wata yana cewa: "Ƙusa guda ta tsai da Alhaji a rana, ni kullum nan nake, ba mai ce min sannu."

Faifai ɗari biyu suka buga. Masu sayar da kaset suka ce ba a rawa da shi. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya karɓa ya ce zai saurara, shiru kake ji. Auwalu ya rabar da wasu ga 'yan acaɓa, sauran damina ta same su a ƙarƙashin gado. A shekarar Malam Shehu ya kwanta ciwo, kwana goma sha ɗaya Allah ya yi masa rasuwa. Auwalu ya gaji rumfar, ya yi aure, ya daina rubutu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maigidansa ya tafi yana ganin waƙar shiririta ce.

Bayan shekara goma sha huɗu, wata ranar Talata da hantsi, wata budurwa ta tsaya a bakin rumfar ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kawu Auwalu, ba ka gane ni ba. Binta ce, ta Malam Shehu."

Ya ajiye guduma. Rabonsa da ita tun tana shekara huɗu, lokacin da mahaifiyarta, Lami, ta koma gidansu a Ƙauyen Alu.

Binta ta ce jiya suna cikin Adaidaita ita da Inna, direban ya kunna wata tsohuwar waƙa. Kafin kiɗa ya kankama sai wata murya ta daka tsawa: "Kai Auwalu! Taya uku na jira, kana nan kana surutu da inji?" Inna ta riƙe rigar direban ta ce ya tsaya. Shi bai san mai waƙar ba, daga wayar wani ya turo, kuma rabi ce.

"Ni ban san muryar Baba ba, Kawu. Hotonsa ɗaya ne a gidanmu. Inna ta ce in tambaye ka ko da sauran."

Auwalu ya tuna ranar. Malam Shehu ya biyo shi har situdiyo, na'ura a kunne, Izu ya ce a bar tsawar a farkon waƙa ta huɗu. Amma Auwalu ko kwafi ɗaya ba shi da shi.

Ya rufe rumfa da rana tsaka, suka nufi Hotoro, inda Izu ke sayar da kayan sola yanzu, ya yi teɓa, furfura ta fito masa. Da ya ji zancen sai ya shiga ciki ya fito da tsohuwar kwamfuta duk ƙura. Kwana huɗu ya yi yana fama da ita kafin ta yarda ta tashi.

Lami ta aiko da roƙo ɗaya: a cire mata kiɗan, muryar kawai take so. Da Izu ya nemo asalin abin da aka naɗa, sai ga shi ya kai minti biyu. Shi da Auwalu da Binta suka zauna a shagon suka saurara. Bayan tsawar, aka ji ƙofa ta buɗe, Auwalu ya fita da gudu. Sai Malam Shehu ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Kai Izu, maimaita min wancan na ƙusar." Aka ji an maimaita. "Allah mai iko. Yaron nan fa yana da kai. Kar ka faɗa masa, sai ya ƙi aiki."

Binta ta rufe fuska da mayafi. Auwalu ya dubi Izu.

"Ya ce kar in faɗa maka," in ji Izu. "Daga baya kuma, wallahi, na manta."

Auwalu ya fita waje ya daɗe a tsaye. Ranar Juma'a ya je maƙabarta ya yi wa maigidansa addu'a, ya wuce Ƙauyen Alu ya gaida Lami, ya kai mata muryar.

Bai koma waƙa ba. Izu ya zuba masa duka tara a waya, direbobi biyar ko shida suka karɓa. Matarsa Husaina, wadda ba ta taɓa sanin zancen ba, ta ce sai ta ji. Tana tsince shinkafa ta saurare su tun daga ta farko har ta ƙarshe. Ta ce ta leburorin ta yi daɗi, ta sa ya sake kunna ta. Sauran kuwa, a cewarta, hayaniya ta yi yawa.