Kwat ɗin Baba Luke

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: kujerar da Mama Irene ta hau tawa ce. Ni Jonathan, malamin makaranta, ni na kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a Kafanchan tare da wasu mutum bakwai a shekarar 1974. Ni ke rubuta wasannin. Ni na roƙo mana wani tsohon ɗakin ajiyar citta a bayan layin dogo muka mai da shi zauren wasa, inda duk wanda ya shiga sai ya yi atishawa uku kafin ya sami wurin zama. Ba a biyan kowa, son abin ne kawai. Ranar zaɓen ciyaman na kwamiti har takalmi na goge.

Sau uku ana ɗaga hannu, sau uku ina yin kunnen doki da wani akawun reluwe. Alhaji Ƙasimu mai shagon yadi, wanda yake cikinmu, ya soma duban rana don la'asar tana neman wuce shi. Ana cikin haka sai ga Mama Irene ta shigo da labulen da muka ba ta ɗinki, ta ɗoro shi a ka.

Alhaji ya ce, “To ku ba Mama mana, mu tashi.”

Na yi dariya, na ɗauka ba'a ce. Da na waiga sai na ga hannuwa shida a sama. Ni kuma aka ba ni sakatare, wai don in huce. Ban huce ba.

Mama Irene ’yar ƙauyen Madakiya ce, aure ya kawo ta Kafanchan tun tana da ƙuruciya. Mijinta Luke ma'aikacin reluwe ne, shi ke ɗaga wa jirgi tuta ya busa usur kafin ya tashi. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan aiki cikin wata baƙar kwat mai maɓallan tagulla, har ya rasu a 1972 ya bar ta da ’ya’ya huɗu da keken ɗinki. Da keken ta riƙe gidan. A aji huɗu karatunta ya tsaya, kuma ba ta taɓa hawa dandali ba. Amma rabin mutanen garin ta taɓa auna kafaɗarsu, saboda haka ba gidan da za ta shiga a ce mata wace ce.

Yadda take jan mitin ya ba ni haushi shekara guda cur. Da ɗinkin hannu take zuwa. Mu yi ta musu, ni ina karanto dokokin ƙungiya da na ɓata mako biyu ina tsarawa, ita kuwa kanta a sunkuye, allura na shiga tana fita. In ta ga magana ta nuna, sai ta faɗi abin da za a yi cikin kalma biyar, ta kai zare baki ta gatse. Shi ke nan. Ko akawun reluwe, da bakinsa ba ya mutuwa, in ya ji ƙarar zaren nan sai ya soma neman hularsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, sau da yawa ita ke da gaskiya.

Ƙungiyarmu ba ta mallaki komai ba sai labule. Benci na majami'a ne, tabarmi na Alhaji Ƙasimu, tufafin ’yan wasa kuwa Mama Irene ke bin gida gida tana arowa. Ta dubi ɗan wasa sau ɗaya ta ce, “Kai rigan mijin Clara zai shige ka,” kuma ta shige shi. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma namu ya rufe har shekara biyu.

A 1976 na rubuta wasa a kan wani mai sayen citta da ke taka sikeli da ƙafa yana cutar manoma. Nuru, wani makanikin keke mai bakin ban dariya, shi ya fito a Mai Sikeli. Na ce ina son a sa masa kwat, don ya yi kama da wanda ya ci ya ƙoshi. Mama Irene ta je gidan Malam Alexander, hedimasta kuma dattijon ikilisiya, ta tarar ba ya nan, matarsa ta ɗauko mata kwat ɗinsa. Ba wanda ya tambayi wani wane ne zai sa.

Ga abin da dukanmu muka manta. A Kafanchan ta lokacin, duk mai kwat guda ɗaya ce da shi, kuma tun daga nesa ita ake fara ganewa kafin fuskarsa. Ta Malam Alexander ruwan ƙasa ce mai facin fata a gwiwar hannu. Sanye da ita yake dukan ’yan makara, sanye da ita yake karɓar baikon majami'a ran Lahadi.

Ranar Asabar da yamma ɗaki ya cika. Nuru ya fito yana tafiyar ƙasaita, ya ɗora ƙafa a kan sikeli. Sai wata mai sayar da doya da ake kira Afiniki, wadda muryarta ke kaiwa tasha daga kasuwa, ta ƙwala ihu.

“Hedimasta! Ashe kai ne!”

Ɗaki ya ɗauka. Mutane na faɗowa daga benci don dariya. Nuru kuwa, abin nema ya samu, sai ya kama gyaran murya irin na Malam Alexander, yana tura tabarau da ba ya da shi. Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini, har na riƙe ciki.

Ran Litinin aka daina dariya. Duk inda Malam Alexander ya bi a kasuwa sai mata su janye buhunansu suna cewa a yi hankali da ƙafarsa. Kafin Laraba an zo an kwashe bencin majami'a. Masu ba mu aron tufafi kuma suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa. Mama Irene ta zaga gida goma sha ɗaya ta dawo da ɗankwali guda. Ga shi mun riga mun aika wa mutanen Kagoro da Madakiya cewa za a maimaita wasan bayan mako uku. Ba benci, ba riga, ba wasa, kuma in muka kunyata baƙi, ƙungiya ta mutu ke nan.

A mitin na miƙe na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ciyaman ta sauka. Na faɗa da ƙarfi, kuma na ji daɗin faɗa. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, “Ticha, gobe za ka raka ni gidan Hedimasta.” Ta gatse zare.

Muka same shi a ƙofar gida cikin riga mai gajeren hannu, abin da ban taɓa gani ba. Mama Irene ta durƙusa har ƙasa.

“Baba, laifi na ne. Ni na ɗauka kwat, ban yi tunani ba. Ka yi haƙuri saboda Ubangiji.”

Ya ce, “Mama Irene, shekara talatin ina gina sunana, kun rushe shi da yamma ɗaya. Sunan wani ba ya da nauyi a hannunki, shi ya sa. Kina son benci? Ki sa wa ɓarawon naku rigan gidanki. Ni zan zauna a gaba in ji yadda za a kira sunan mai shi.”

Ya san gidanta ba maigida. Ya san riga ɗaya ce ta magidanci a gidan, ta marigayi Luke. Na buɗe baki zan yi masa Turanci, ta taka mini ƙafa.

Ta ce, “To, Baba. A kawo benci.”

Ana saura kwana biyu wasa ta zo da ƙunshi a cikin zane. Ta kwance, sai ga kwat ɗin Luke, tana ƙamshin kafur, maɓallan sun sha toka da lemun tsami suna ƙyalli. Na san duk shekara takan fito da ita ta shanya, ta goge, ta mayar cikin akwati. Babban ɗanta ma ba ta taɓa bari ya gwada ba. Nuru ya ja da baya.

“Mama, ni ba zan iya sata a cikin wannan ba.”

“Za ka iya. Miƙo hannu.”

A nan kunya ta kama ni. Na ja ta gefe na ce zan sake rubuta wasan, a fito da Mai Sikeli ba kwat, ko a soke shi gaba ɗaya. Na ce Afiniki za ta zo, kuma in ta ƙwala “Luke ɓarawo” a gaban mutanen Madakiya, har jikoki sai sun ji. Ta ce an yi alkawari da Hedimasta, kuma ciyaman da ta ara sunan wani ta ɓata, ba ta da bakin ɓoye nata a akwati. Garin rage wa Nuru tsawon hannun rigar, har ta soki yatsa.

Ranar ta zo. ’Yan Kagoro sun zo a bayan akori-kura, ’yan Madakiya a kan kekuna, ma'aikatan reluwe sun tsaya a jikin bango. Malam Alexander ya zauna a bencin farko cikin kwat ɗinsa, wadda ya sa ranar don kowa ya ga ba ta jikin ɓarawo. Mama Irene na gefen dandali riƙe da igiyar labule. Aka gama atishawa, ta ja.

Nuru ya fito. Bai yi tafiyar ƙasaita ba, ya fito kamar mai shiga gidan surukai. Ɗaki ya yi tsit. Ya isa gaban sikeli, ya ɗaga ƙafa. Na rufe ido.

“Kai! Sauke ƙafan nan!”

Afiniki ce, ta miƙe tsaye tana ɗaure zane.

“Wannan kwat na Baba Luke ne! Mutumin da ya tsai da jirgi saboda ni da cikin wata takwas da kwandon doya? Cire shi kafin ka yi sata!”

Wani tsohon direban jirgi ya amsa daga bango, “Cire! Luke ko allura ya tsinta a jirgi sai ya bi tasha tasha yana cigiya!”

Sai ɗaki ya rikice. Wannan na cewa Luke ya kai masa wasiƙa har Jos, waccan na cewa ya riƙe mata yaro da ya ɓata a tasha har ta dawo. “Cire! Cire!” Nuru, wanda dama neman hanya yake, ya tuɓe kwat ɗin da hannu biyu, ya ninke, ya kai wa Mama Irene, ya dawo tsakiyar dandali daga shi sai singileti mai huji uku. Ya dubi sikeli, ya dubi jama'a. Ɓarawon da ya ci ya ƙoshi, ga haƙarƙari ana ƙirgawa.

Malam Alexander ya yi gyaran muryar nan tasa. Ya miƙe a hankali, ya ɓalle maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ya cire kwat ɗinsa ya jefa wa Nuru.

“Ba a tsayawa gaban jama'a da singileti. Sa wannan, ya riga ya saba da aikin.”

Afiniki ta ƙwala, “Hedimasta!” Wannan karon ya juyo ya ɗan rusuna mata, aka yi ta tafi har ƙurar citta ta taso daga rufi, aka koma atishawa. Wasan da na ɓata wata biyu ina rubutawa, ba na jin akwai wanda ya ji rabinsa.

Da aka watse, rana ba ta faɗi ba tukuna, na same ta zaune a bakin dandali da kwat ɗin a cinya. Maɓalli ɗaya ya yi lako-lako garin tuɓewar Nuru, tana ɗinke shi, hawaye na sauka a kan tagullar. Na zauna kusa da ita. Na ce na janye maganar da na yi a mitin, kuma ta faɗa mini gaskiya, dama ta san haka za a yi?

Ta ce, “Ina zan sani, Ticha?”

“To ba ki ji tsoron a kira shi ɓarawo ba?”

“Na ji, amma wannan ƙaramin tsoro ne.” Ta share ido da bayan hannu. “Shekara huɗu ba wanda ya kira sunanshi a gabana, wai kar in yi kuka. Babban tsoro na shi ne Nuru ya fito da kwat ɗin nan, ya yi sata, ya gama, a tashi, ba wanda ya gane na wane ne.”

Ta kai zaren baki ta gatse.