Baba Mai Madubi da Ɗigon da Aka Ce Datti Ne

Shekara talatin da biyu ke nan, kafin kowa ya iso cibiyar nazarin sararin samaniya da safe, Baba Mai Madubi ya riga ya haye matakalar ƙarfe. Yakan ɗiga wa ƙafafun rufin da ake buɗewa don kallon sama mai, ya hure ƙurar da ta kwanta a kan babban madubin hangen nesa, sannan ya zauna shan shayi. Matarsa takan ce madubin ya fi ta sanin fuskarsa. Jibi zai ajiye aiki.

Bara, wata ɗalibar digirin ƙarshe ta hango wani ɗigo kore-kore a hotunanta, daura da wani babban gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu. Ta duba kundin taurari ɗaya bayan ɗaya, babu shi. Farfesan da ke duba aikinta ya yi masa kallo ɗaya ya ce datti ne a madubi, a tuhumi Baba mai goge shi.

In datti ne, hotunan shekara guda sun tashi a banza, aikin yarinyar ya rushe, Baba kuma zai tafi gida da tabo. Ya sauka ɗakin ajiya, inda ya killace tsofaffin hotunan sama na gilashi da sau biyu aka ce ya zubar. Kwana uku yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, gwiwa na ciwo, ido na hawaye. Ran na huɗu da hantsi ya aika aka kira ta.

"'Yata, duba nan," in ji shi. "Da tsohuwar na'ura aka ɗauki wannan, tun ba a haife ki ba. Dattina bai kai can ba."

Ga ɗigon nan daram a wurinsa. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share ido. Farfesa da kansa ya sauko ɗakin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, ka yafe mini." Bayan wata biyu wata cibiya ta tabbatar gajimaren iska ne mai haske, ragowar tauraron da ya mutu tun fil azal. Baba ya yi hamdala, ya miƙe a benci ya yi barcin da ya daɗe bai samu ba.

Baba, kai ne ka riƙe abin da aka raina har ranarsa ta zo. Kai ne mai tsabtar hannu, wanda sunansa bai wuce layin godiya a ƙasan takardar binciken ba. Mun gode, Baba, Allah ya ba ka hutu cikin lafiya. Mu kuma abokan aikinka da muka rage, kowa ya riƙe ɗan aikin da ke hannunsa kamar yadda ka riƙe naka, ko da babu mai kallo.