An ba ciyawa hutu, an fasa mini kasko

Tas! Kaskon turaren da na riƙo a cinya tun daga Katsina ya tarwatse a tsakar falo.

Ɗana ne, Baban su Ummi, ya ɗirka masa ƙwallon golf. Wai an rufe filinsu na golf saboda sanyi, ana huda ƙasa, ana zuba yashi da sabon iri. Shi ne ya mai da falonmu na nan unguwar Dokki filin wasa.

Ya ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri, Hajiya, ciyawar ce ke hutawa."

Na ce, "Ciyawa ta huta, uwarka ba za ta huta ba? Miƙo sandar golf ɗin nan!"

Yanzu da ita nake kakkaɓe barguna a baranda. Khalas, shi ke nan, ni ba kaskon Katsina, shi ba sanda.

Jama'a, ku faɗi gaskiya, na zalunce shi?