Mai amalanken da ta ƙwace mini labari

Ina karanta wa Gwaggo gajeren labarina a garin Geceme, tana sheƙar gero, sai na iso wurin da nake shirin gogewa.

Labarin wata mata ne mai amalanken jaki. Ana tsakiyar tafiya ta juyo daga cikin labarin ta ce da ni, marubuciyarsa, "Ba haka aka yi ba," ta karɓe labarin ta ba da shi da bakinta. Abokan aikina a lise, wato makarantar sakandare, sun ce wannan salon postmodern ne, aron Turawa, mutanenmu ba za su gane ba.

Na ce, "Gwaggo, nan ya rikice ko? In cire?"

Gwaggo a gidan bori ta tashi. Ta aje ƙwarya ta ce, "Ke ɗiyata, in Doguwa ta hau mutum tana magana, wa ka katse ta? Bar ta ta hwaɗi nata. Mu da maza sunka ba da labarinmu, mi munka samu?"

Ko harafi ban goge ba. Allah ya saka, Gwaggo.

Ku fa, wa ya taɓa hana ku goge abin da ya kamata ya zauna?